Faifai tera ɗaya gare ni: giga nawa zan ware wa rumbun Squid?

Mai kula da lab, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah manyanmu ina neman shawara. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta a nan Tudun Wada, kwamfutoci 42, sai wayoyin malamai da ke hawa wayales. Kusan shekara biyu ke nan da na ɗora Squid, manhajar furoksi da ke tsayawa tsakanin kwamfutoci da intanet tana ajiye abin da aka ɗauko a rumbu don kada a sake ɗauko shi, a kan wata tsohuwar desktof mai Ubuntu, ram giga 4, faifai tera 1, don mu rage cin data. Layin da na rubuta shi ne cache_dir ufs /var/spool/squid 900000 16 256, wato rumbu mai mega 900000 a faifai, cache_mem kuma, wato rabon ram da yake ajiye kaya a ciki, na sa mega 1024. Da farko lafiya lau. Amma daga zangon da ya wuce abin ya lalace. Da yara sun cika ɗaki sai shafi ya riƙa juyawa, fitilar faifai ta tsaya a kunne ba ta ko ƙiftawa. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita kuwa, sai na yi zaman jira kafin ya dawo hayyacinsa. Rumbun bai ma cika ba, giga 260 kawai ya ci. Shin ƙaro faifai zan yi, ko me?

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam. Oga, wa yake ajiye kash, wato rumbun shafuka, yanzu? Cire shi kawai ka huta.

Injiniyan Barnawa:
Wa alaikumus salam. Ɗan Rigasa, bari mu fara duba mara lafiya kafin a yi maganar likkafani. Malam, kada ka sayi komai tukuna. Buga free -m lokacin da yara ke ciki ka gaya mana abin da swap, wato filin faifai da injin ke ara in ram ta cika, ya nuna. Sannan ka buga squidclient mgr:info ka duba matsakaicin girman abin da ke rumbun da kuma yawan abubuwan da ke kan faifai.

Mai kula da lab, Tudun Wada:
Injiniya na duba yanzu da 'yan aji uku suka shigo. Ram saura mega 90 da wani abu, swap ya ci fiye da giga ɗaya. Matsakaicin girma kilobait 20, yawan abubuwa miliyan 13 da ɗoriya.

Injiniyan Barnawa:
To ga ciwon nan. Ba faifai ne ya yi maka kaɗan ba, ram ce. Duk abin da Squid ya ajiye a faifai, komai ƙanƙantarsa, sai ya buɗe masa layi a cikin ram: ga sunansa, ga inda yake, ga ranar da aka ajiye shi. Kamar mai shago ne a Kasuwar Barci da ke da katon sito a baya, amma littafin da yake rubuta kayan a hannunsa yake. Sito na iya ɗaukar tirela goma, littafi in ya cika ya cika.

Lissafin da masu Squid suka bayar shi ne kusan mega 10 na ram a kan kowane giga ɗaya na faifai idan injin 32-bit ne, mega 14 idan 64-bit ne. Sun gina lissafin a kan cewa matsakaicin abu kilobait 13 ne. Naka ya ɗan fi haka girma, don haka abubuwa miliyan 13 ɗin nan suna cin maka abin da ya haura giga 2. Ka ɗora giga 1 da ka bai wa cache_mem. Ka ɗora abin da Ubuntu ke ci, da abin da Squid ke buƙata don haɗin da ke gudana. Ina giga 4 za ta kai? Shi ya sa injin ya fara tura littafin kansa zuwa swap, wato kan wannan faifan dai da ke fama da karatu da rubutu. Duk yaron da ya danna shafi, sai an je faifai an duba littafi, sannan a sake komawa faifai a ɗauko kaya. Fitilar da ka ga ta ƙi ƙiftawa ke nan.

Da a ce 900000 ɗin da ka rubuta za ta cika da irin waɗannan ƙananan abubuwa, da ram ɗin da za ka nema ta doshi giga 8 zuwa 12 don littafi kaɗai. Kuma ma ba za ta taɓa cika ba: cache_dir guda ɗaya ba ya riƙe abin da ya wuce abubuwa 16,777,216. Kana dab da bangon nan ba ka sani ba.

Mai kula da lab, Tudun Wada:
Ikon Allah. Ni a tunanina tun da faifan yana da fili, barinsa haka asara ne.

Tsohon mai kafe, Kawo:
Ɗana, ba kai kaɗai ba ne, duk mun yi wannan tunanin. Ni na riƙe kafe a Kawo zamanin da ake hawa intanet ta tauraron ɗan'adam, kwano a kan rufi, layin da duk kafen ke rabawa bai kai abin da wayar yaro ke ja yanzu ba. A lokacin Squid shi ne rufin asirinmu. Mutum na farko ya buɗe Yahoo da safe, hotuna da tambari su zauna a rumbu, duk wanda ya biyo baya sai ya ga shafi ya faɗo nan take. Da na samu faifai babba na farko, ni ma cika shi na yi har baki. Ranar da fili ya ƙare gaba ɗaya, Squid ya kasa rubuta swap.state, fayil ɗin da yake ajiye littafin kayansa, ya mutu, ga ɗalibai sun cika benci suna jiran duba sakamakon jarrabawa. Tun daga ranar na koyi barin kashi 20 cikin ɗari na faifai a sarari, kuma abin da takardar Squid ɗin kanta ta ce a yi ke nan. Adadin da ka rubuta a cache_dir na kayan ne kawai, bai haɗa da swap.state da log da abin da tsarin fayil ke ci ba.

Abin da dattawan aikin suka koya mana shi ne: rumbu ya ɗauki abin da ke wucewa na kwana uku zuwa mako guda. Abin da ya yi mako ba a sake nema ba, da wuya a neme shi. Kai kuwa kana riƙe da tarkacen shekara biyu, kana biya masa haya da ram.

Ɗan Rigasa:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma wancan zamani ne. Yanzu me yara ke buɗewa? YouTube, Facebook, WhatsApp, TikTok, Google. Duk HTTPS ne, wato a kulle suke tafiya. Furoksi ba ya ganin cikinsu, rami kawai yake buɗe musu su wuce. Tun da Let's Encrypt suka fara raba satifiket na HTTPS kyauta a ƙarshen 2015, sannan Chrome ya fara liƙa wa shafukan HTTP tambarin rashin tsaro a 2018, kowa ya gudu. Wasu ma ta wata hanya daban mai suna QUIC suke bi, ko ƙofar furoksin ba sa zuwa. Ni wuraren da nake haɗa wa netwok rautar MikroTik nake sa musu, in raba gudun intanet, kowa ya samu rabonsa, shi ke nan. Ban ga abin da rumbu zai ƙara ba sai zafi da ƙarar fanka.

Tsohon mai kafe, Kawo:
Ban musa maka ba. Gaskiya ka faɗa a kan yawancin abin da ke wucewa. Amma ba ka tambaye shi me kwamfutocin ke ja da kansu ba, ba yara ba.

Malama daga Malali:
Sallama gare ku. Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki. Kowa na faɗin ra'ayinsa alhali amsar tana cikin injin Malam. Malam, buɗe access.log, fayil ɗin da Squid ke rubuta duk buƙatar da ta wuce, na mako guda cikakke na lokacin karatu, ba na hutu ba. Ka raba layukan gida uku: masu TCP_TUNNEL, su ne HTTPS da ba a iya ajiyewa; masu TCP_MISS, su ne aka je waje aka ɗauko; sai masu HIT a jiki, su ne rumbu ya biya. Kada ka ƙirga layuka kawai, ka tara girman bait na kowane gida, shi ne abu na biyar a kowane layi na log ɗin. Dalili kuwa, akwai bambanci tsakanin yawan buƙatun da rumbu ya amsa da yawan datar da ya cece maka. Rumbu na iya amsa buƙata dubu na ƙananan hotuna, amma duka ba su kai fayil ɗaya na sabunta Windows ba. Mai makaranta kuma kuɗin data yake tambaya, ba ƙirgen buƙatu ba.

A ofishin da nake aiki haka na yi kafin in taɓa komai, sai na tarar abin da ya fi cin data a cikin wanda ake iya ajiyewa ba shafuka ba ne, sabunta manhaja ne da kwamfutoci ke yi a ɓoye.

Mai kula da lab, Tudun Wada:
Malama na gode. Ba ni zuwa gobe, yau akwai taron iyaye.

Injiniyan Barnawa:
Kafin goben, duba min abu ɗaya: ka taɓa maximum_object_size?

Mai kula da lab, Tudun Wada:
A'a, ban ma san da shi ba.

Injiniyan Barnawa:
To yana nan a mega 4 yadda ya zo. Ma'ana duk abin da ya wuce mega 4 Squid ba ya ajiye shi. Ka gina rumbu mai giga 900, ka yi masa ƙofar da kaza kaɗai ke iya shiga.

Mai kula da lab, Tudun Wada:
Barkanmu da safiya. Na yi lissafin Malama jiya da dare, na kwana biyar na karatu. Abin da ya wuce duka kusan giga 150 ne. A ciki TUNNEL ya cinye wajen 120. MISS kusan 28, HIT bai kai giga 2 ba. Da na leƙa cikin MISS ɗin sai na ga yawancinsa adireshin windowsupdate ne, fayil ɗaya kwamfutoci da yawa kowacce ta je ta ɗauko nata. Wallahi raina ya ɓaci da na gani. Shekara biyu ina ganin ina yi wa makaranta tattali, ashe babban ɓarawon yana wucewa ta gabana.

Ɗan Rigasa:
Kun gani ko? Kashi 80 cikin ɗari ba ruwansa da rumbu.

Malama daga Malali:
Mun gani, amma ka dubi ɗaya gefen. Giga 28 a kwana biyar, kuma mafi yawansa maimaici ne. Idan fayil ɗaya ne kwamfuta 42 ke ja, sau ɗaya ya kamata a biya kuɗinsa, 41 su sha daga gida. Ga makarantar da ke sayen data da kuɗin da iyaye ke haɗawa da ƙyar, wannan ba abin rainawa ba ne. Kuma ba kuɗi kaɗai ba: lokacin da kwamfutocin ke ja, layin ne ke toshewa ana tsakiyar darasi.

Yanzu ga girman rumbunka ya fito da kansa, Malam. Abin da ake iya ajiyewa a mako, idan ka cire maimaici, ba zai kai giga 28 ɗin ba ma. Sai dai Microsoft na sakin manyan gyare-gyarensa ne ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma akwai kwamfutar da za ta yi sati biyu a kashe kafin ta zo neman nata, don haka a nan ƙa'idar Baba ta mako guda ta yi gajarta, gara ya riƙe na wata guda. Ni a ganina giga 40 zuwa 60 ya ishe ka har da canji.

Injiniyan Barnawa:
Na yarda da Malama, sai dai in ƙara yadda za a yanka shi. Tun da yawan abubuwa ne ke cin ram ba nauyinsu ba, raba rumbun biyu. Ƙarami na ƙananan kaya, giga 10, ka sa masa max-size ya tsaya a wajen mega 1. Babba na manyan kaya, giga 50, ka sa masa min-size daga inda wancan ya tsaya. Ƙaramin, a kilobait 20, abubuwa wajen dubu 500 zai ɗauka, ram ɗinsa ba za ta wuce mega 100 da 'yan kai ba. Babban kuwa fayiloli 'yan dubbai ne, littafinsu ba ya ko cika shafi. Ka ga daga giga 2 da wani abu ka sauko ƙasa da mega 200.

Sauran abubuwan: mayar da tsarin ajiya na ufs da ke layin cache_dir zuwa aufs, domin ufs yana tsayar da komai ne har sai faifai ya gama, aufs kuwa yana miƙa aikin faifai ga wasu zaruruwa ya ci gaba da amsa mutane. Rage cache_mem zuwa 256, wanda shi ne asalin yadda yake zuwa, ka bar sauran ram ɗin ga Linux, ya fi ka iya amfani da ita wajen riƙe abin da ake yawan karantawa daga faifai. Ɗaga maximum_object_size zuwa giga 2 ko sama. Sa cache_replacement_policy ya zama heap LFUDA, shi ne ke fifita cece bait a kan cece ƙirge. Waɗannan layuka biyu ka rubuta su a sama da layukan cache_dir, in ka sa su a ƙasa za ka yi ta mamakin me ya sa ba su ci ba. Lambobin 16 da 256 kuma ka bar su, sun dace da abubuwa wajen miliyan ɗaya. Kai da ka tara miliyan 13 a cikinsu, kowane ƙaramin folda yana ɗauke da fayil sama da dubu uku.

Abu na ƙarshe da ke kayar da mutane: Windows ba ya jan fayil gaba ɗaya, gutsure-gutsure yake nema, Squid kuma ba ya ajiye gutsure. Sai ka yi amfani da range_offset_limit, ka ɗaure shi da acl, wato jerin waɗanda saitin zai shafa, na adireshin sabuntawa kaɗai, don Squid ya ja fayil ɗin cikakke. Kada ka buɗe shi ga kowa da kowa. Na taɓa ganin inda aka yi haka, mutum ya nemi ɗan yanki, furoksi ya je ya kwaso duka, data ta ƙare kafin tsakiyar wata.

Ɗan Rigasa:
Oga Injiniya, duk wannan wahalar fa Windows 10 da 11 suna da Delivery Optimization. Ka kunna musu su raba wa junansu a cikin netwok ɗin gida, ba sai da furoksi ba.

Injiniyan Barnawa:
Gaskiya ne, kuma ya kunna shi, ba kishiyoyi ba ne. Amma sai kwamfutar da ke da fayil ɗin tana kunne sannan 'yar'uwarta ke samu. Lab ɗin da ake kunna rabi a kashe rabi saboda inbata ba ta ɗaukar duka fa?

Mai kula da lab, Tudun Wada:
Kamar kana wurin. In babu wuta layi biyu kawai muke kunnawa.

Wani ɗalibi, Unguwar Rimi:
Manya, ni mai koyo ne. Na ga ana cewa da SSL bump ana iya buɗe HTTPS ɗin a ajiye shi ma. Me zai hana a yi, a ci moriyar giga 120 ɗin?

Malama daga Malali:
Ƙanena, tambayarka mai kyau ce. Ana iyawa, amma ka san me ake nufi: furoksi zai riƙa ƙirƙirar satifiket yana shiga tsakanin mutum da shafin da ya buɗe, kuma sai an sa satifiket ɗinka a kowace na'ura ta yarda da kai. Daga nan duk abin da malama ta rubuta a imel, duk lambar sirrin da wani ya buga, ta hannunka take bi a buɗe. Wannan amana ce mai nauyi, ni ba zan ɗauke ta a kan wayoyin mutane don a rage kuɗin data ba. Sannan ribar ba ta kai yadda kake zato ba. Manhajojin banki da wasu da yawa ba sa karɓar baƙon satifiket, tsayawa kawai za su yi. Abin da ka buɗe ɗin ma, yawancinsa an rubuta masa private ko no-store, wato kada a ajiye, kuma shafin Facebook na wannan ba shi ne na wancan ba. Ka fasa ƙofar mutane, ka shiga, ka tarar ba abin ɗauka.

Tsohon mai kafe, Kawo:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ni dai in koma kan maganar wuta da ya faɗa tun farko, don ba wanda ya taɓa ta. In Squid ya mutu ba shiri, da ya tashi za ka ga ya rubuta a cache.log cewa yana sake gina rumbu daga log mai datti. Sai ya bi littafin nan layi-layi ya tabbatar da shi. Da abubuwa miliyan 13 a kan faifai mai juyawa, ga swap, dole ka yi zaman jira. Da dubu 500 kafin ka gama share ƙurar tebur ya gama. A garin nan da za a iya ɗauke wuta sau da yawa a yini, wannan kaɗai ya isa dalilin ƙaramin rumbu. Ka sa sabar a kan inbata ita kaɗai da rauta, ko ka samo ƙaramin UPS mai igiyar USB da zai gaya mata ta kashe kanta cikin mutunci. Kuma hunturu na tafe, ka buɗe akwatin ka hure ƙura, faifan da ya shekara biyu yana wannan aikin ba hutu ya sha wuya.

Ɗan Rigasa:
In dai giga 60 ne, SSD mai 120 ko 128 ya ɗauke shi har da kashi 20 ɗin Baba. Ka ga na sauko, amma da sharaɗin a jefar da wancan mai ƙara.

Injiniyan Barnawa:
Ba sai an jefar ba, ya riƙe log da ajiyar jarrabawar yara. SSD zai taimaka wa ƙaramin rumbun sosai. Ko wanne ka yi amfani da shi, ka hau da shi da noatime a fstab, don kada kowane karatu ya jawo rubutu.

Mai kula da lab, Tudun Wada:
Ga rahoto bayan sati biyu. Ranar Asabar ɗin da ta biyo na tsayar da Squid, na canza wa tsohon folda suna, na rubuta layukan yadda Injiniya ya tsara, 10000 da 50000, na buga squid -z, na tayar. Goge tsohon foldan kaɗai sai da ya kwana yana yi. SSD ban samu saya ba tukuna, an ce sai kuɗin zango sun shigo. Yanzu swap sifili ne ko da ɗaki ya cika. Jiya an ɗauke wuta sau biyu, kafin in zagaya in kunna layi na biyu ya riga ya tashi. Da Talatar sabuntawa ta zo na zauna ina kallon log: kwamfuta ta farko MISS, na bayanta HIT suna ta zubowa. Babban rumbun yana giga 19 yanzu, ƙaramin bai kai 3 ba.

Saura abu ɗaya. Akwai kwamfutoci shida masu Ubuntu a layin baya na 'yan ajin koyon furogiramin, su ma kowacce tana jan nata. In bar su su bi ta Squid ɗin, ko in sa musu wani abu daban?

Malama daga Malali:
Sa apt-cacher-ng, rumbun da aka yi musamman don manhajojin da Ubuntu ke saukewa, a kan sabar ɗin dai, yana sauraro a ƙofa mai lamba 3142, ka nuna wa shidan hanya a saitin apt. Ware masa giga 10 daga filin da ya rage, ka dawo mana da abin da ya ci bayan wata guda.